In mota ba ta zo ba, me ke cikin ɗakinki?

Kaka ta shigo, damman hatsi sun fara hawa amalanke, wake ya fara fitowa kasuwa. Wannan ne lokacin da hannu ke sakewa, biki ya yi yawa, mai talla ya san ƙofar kowa. Shi ya sa na zaɓi in yi maganar nan yanzu, tun kuɗin bai watse ba.

Ba na mance Litinin ɗin farko ta watan Agusta na 2023. Na tafi kasuwar Maraɗi da jika 12 a ƙulle a bakin zane, niyyata in ɗauki ƙaramin buhun shinkafa mai kilo 25, abin da ya yi saura in sayi magi da sabuni. Mai butikin da na shekara goma ina awo wurinsa ya dube ni ya ce: "Hajiya, kuɗin jiya ne kika zo da su." Na ce masa: "Haba Alhaji, shinkafar nan ba tun watan jiya take jibge a nan ba?" Ya ce ai in ya sayar mani a tsohon kuɗi, da me zai sayo wata? Na yi fushi, na fita, na zagaya rumfa huɗu, na dawo wurinsa da kunya. Buhun da muka saba saye wajen jika 11, kafin a jima ya haura 15. Ranar nan rabin buhu na auno, sabuni kuwa sai wani jiƙon.

Kowa ta san abin da ya jawo haka. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki, ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasa takunkumi. Aka rufe iyakar Najeriya, aka rufe ta Benin. Manyan kamyoyi suka yi layi a Malanbil, ga gadar Gaya suna kallo, ba halin ƙetarewa. Kayan da muke ci muna ganin kamar daga butikin unguwa suke fitowa, ashe daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke tasowa, su yi kwana da kwanaki bisa hanya. Daga baya aka koma bin Lome, a ratsa Burkina da rakiyar sojoji, hanya ta yi nisa, kuɗin mota ya hau, kuma duk abin da ya hau kan mota a tukunyarmu yake sauka. Najeriya ta yanke mana kuran, masu sayar da ƙanƙara da zoɓo mai sanyi suka zauna. Bankuna suka rage abin da mutum zai iya cirewa. Sai ranar 24 ga Fabrairu na 2024 aka ɗage takunkumin, iyakar Najeriya ta buɗe cikin watan Maris.

Ba siyasa na zo yi ba, wannan shafi ba nata ba ne. Abin da nake so mu lura da shi, toshewar hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, fuska kawai take sakewa. A watan Agusta na 2019 Najeriya ce da kanta ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Ƴan Ɗan Isa da Madarumfa da Ƙonni da Magarya sun fi kowa sanin yadda ciniki ya kwanta. A 2020 ciwon korona ya tsayar da zirga-zirga. A damanar 2024 ruwa ne ya yi aikin: ya cinye hanyoyin shiga Yamai, ya rusa gidaje a Maraɗi, a Damagaram har tsohon masallacin Birni ya faɗi. A watan Maris na 2025 kuma mai ne ya yi wuya, ƴan kabu-kabu suka kwana a layi, kuɗin ɗaukar buhu daga kasuwa zuwa gida ya tashi. Cikin shekara shida sau biyar ke nan. Wadda ke jiran sai an yi shela a rediyo sannan ta fara shiri, ta makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gardamar da muka yi a kan tabarma

Ƙungiyarmu mata 30 ne, kowa na zuba 500 duk mako. Irin tsarin Mata Masu Dubara ne da aka faro a jiharmu ta Maraɗi tun 1991: akwati mai kwaɗo uku, makulli hannun mata uku, rance ga mai buƙata, rabo a ƙarshen zagaye. Lokacin da bankuna ke ba da kuɗi da cokali, akwatin nan shi ya rufa mana asiri, don kuɗinmu na gabanmu, ba layi ba takarda. Amma mun gano wani abu mai ɗaci. Kuɗin na nan yadda muka ajiye su, ƙarfinsu ne ya tafi. Jika goma da a watan Yuni za ta cika kwando, a Satumba rabin kwando take kawowa.

Da kakar 2023 ta zo, na kawo shawara mu cire wani kaso daga akwati mu sayi hatsi da wake mu ajiye. Nan fa taro ya kaure. Wata mai tuyar ƙosai ta ce ita rance take so, in aka maida kuɗi hatsi me za ta juya? Gaskiyarta. Wata ta ce in ɓera ya ci, wa zai biya? Ita ma gaskiyarta. Wata kuma, mai kaifin kai wajen ciniki, ta ce mu kwashe akwatin duka mu sayi shinkafa da mai, mu rufe, sai sun yi tsada mu fitar mu ci riba. Wasu suka yi guɗa.

Sai tsohuwarmu, wadda duk muke kira Inna, ta ɗaga hannu. Ta ga yunwar 1984 da idonta, ta ga ta 2005. Ta ce: "Ɗiyana, ku saurara. Abin da kunka zagi mai butiki a kai watan jiya, shi za ku yi yau? Mu da munka tashi, kowace mace tana da ɗan rumbunta bayan na maigida. Ba don ciniki ba, don ranar da maigida zai ce babu." Wuri ya yi tsit.

Mun kai maganar wurin malamin unguwa, don wasu na jin tsoron kada ajiyar ta zama ɓoye kaya da addini ya hana. Ya bambance mana su. Mutum ya tanadi abincin iyalinsa lokacin da abu ke da yawa a kasuwa, ba laifi, Manzon Allah (SAW) ma yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Abin da aka hana shi ne ka kwashe kasuwa lokacin da jama'a ke cikin ƙunci, ka rufe, kana jiran wahalarsu ta ƙaru ka sayar. Ya tuna mana da Annabi Yusuf, wanda ya ba da shawarar a bar hatsi cikin zangarniyarsa. Inna ta yi dariya ta ce ai shi ke nan rumbun kakanninmu, ba su sussuke hatsi sai ranar daka.

Abin da muka tsayar: akwatin rance ba a taɓa shi. Aka buɗe zubi na biyu, 100 duk mako, sunansa zubin tanadi. Mata 30, jika 3 ke nan a mako, a shekara jika 156. Bayan haka kowa ta kawo tiya 4 ta hatsi da kaka, tiya 120, buhu uku cif. Shekarar farko, da yake ba a tara komai ba tukuna, rabin kuɗin tarar makara da na taimakon juna muka ara muka fara da shi, muka maida daga baya.

Ki fara da lissafin tukunyarki

Kafin a kai ga ƙungiya, kowa ta san gidanta. Na tambayi mata da yawa tiya nawa suke ci a wata, sai su ce "Allah ne ke ciyarwa". Haka ne, amma ki ƙirga. Gidana mu goma ne da yara, tiya 2 muke ci a yini, fura da tuwo. A wata tiya 60. Tiya kusan kilo biyu da rabi ce, babban buhu mai kilo 100 kuwa tiya 40 ne, ke nan buhu ɗaya da rabi a wata. In ina so in tsallake wata uku na tsananin, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, sai na tanadi buhu huɗu da rabi. Da na fara yin lissafin nan gabana ya faɗi. Amma gara ya faɗi a watan Nuwamba da ya faɗi a watan Yuli.

Ba kowa ke da ƙarfin wata uku ba, kuma kada wannan ya sa ki ce to a bar shi. Ki fara da mako biyu. Wata bazawara a ƙungiyarmu, ƴaƴa biyar, wankau take yi, dabararta ita ce duk ranar da za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi hannu guda ta zuba a wani bido da ta ɓoye bayan gado. Yara ba su ji bambanci a ciki ba. Lokacin ruwan 2024, da aka yi kwana uku ba mai fita, ita ta ba maƙwabciyarta mai albashi abin dafawa.

Akwai abin da na lura da shi a 2023, ina so ku riƙe shi. Abin da ya fi saurin ɓacewa ko tsada shi ne abin da ke zuwa daga nesa: shinkafar waje, man girki na bido, sukari, madarar gari, tumatirin gwangwani, taliya, magani. Abin da ƙasarmu ke bayarwa shi ma ya hau, don kowa ya koma kansa, amma bai ɓace ba. Gidan da yaransa suka saba da tuwon hatsi da miyar kuka, da dambun zogale, da wake, bai girgiza kamar gidan da sai shinkafa da taliya ba. Ina faɗin haka ina jin kunya, don nawa yaran ma sai da muka yi rigima kafin su koma tuwon dawa da dare. Autana kwana biyu yana yajin cin abinci, ran na uku ya side kwano.

Saboda haka rabin tanadi ba saye ba ne, shanya ce. Lokacin da tumatir ya yi arha har ana zubarwa a lambu, ki yanka ki shanya kauɗa. Kuɓewa haka, tattasai haka, yakuwa haka. Ganyen albasa a yi gabu. Ƴan uwanmu na Galmi da Madawa ba sai an koya masu ba, su za su koya mana. Zogale da sauran ganye a inuwa ake shanya su, rana tana cinye amfaninsu, in kin ga ganye ya koma ruwan ƙasa to kin yi hasara. Daddawa, kanwa, garin kuka, ƙuli-ƙuli: waɗannan ba su san an rufe iyaka ba. Mace mai waɗannan a ɗaki, ko magi ya ɓace miyarta ba ta kwana.

Gishiri ki saya da ɗan yawa, ba ya lalacewa. Amma mai sinadarin iyod ɗin nan da likita ke cewa a ci saboda maƙoƙo da lafiyar masu ciki, in ya sha rana ko laima sinadarin yana guduwa, sai ki rufe shi cikin roba mai murfi nesa da murhu. Sabuni kuwa har gara ya daɗe, in ya bushe ya fi jimawa a hannu. Ashana, batir na cocila, allura da zare, audugar mata ko tsumma mai tsabta ga ƴan matanmu, duk ƙananan abubuwa ne da ba a tunawa da su sai dare ya yi. Sukari ki saye shi kaɗan-kaɗan tun kafin azumi, kun kuwa san halin sukari in watan ya matso.

Mai dai ki yi hankali. Ni na yi wannan kuskure: na sayi bido mai lita 25 don tsoro, na ajiye kusa da taga, kullum ana buɗewa ana rufewa, kafin mu kai rabi ya fara wari, yara suka ƙi abinci. In za ki sayi babba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba, kowa ta zuba nata a ƙananan kwalabe, ta cika su, ta rufe, ta sa a wuri mai duhu. Wadda ke da gujiya ma gara ta ajiye ta da ɓawonta, ta riƙa matsa kaɗan-kaɗan.

Waken da muka zubar

Yanzu bari in ba ku labarin hasararmu, don ba daɗi kawai ake rubutawa ba. A kakar 2023 mun sayi buhu huɗu na wake, muka zuba a buhunan da aka saba, muka jingina a ɗakin wata daga cikinmu. Muka ce ai wata huɗu ne kawai. Ranar da muka buɗe a watan Afrilu, ƙwari suka tashi kamar hayaƙi. Kowace ƙwaya da huda uku huɗu, ƙasan buhu gari ne zalla. Buhu biyu muka sayar wa mai kiwo da kuɗin da bai kai rabi ba, sauran muka tsince muka raba. Matar da ta ce in ɓera ya ci wa zai biya, ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi. Wannan kallo ya fi zagi ciwo.

Laifinmu ne. Ƙwaron wake tun daga gona yake shigowa, ƙwansa na manne da ƙwayar, ido ba ya gani. In ya samu iska da ɗumi sai ya yi ta haihuwa. Maganinsa a hana shi iska. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda wata jami'a ta Amurka mai suna Purdue ta ƙirƙiro, masu binciken noma na INRAN a nan Maraɗi suka yi aiki a kansa, aikinsa ke nan: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. Ki duba ledar da kyau kada a samu huda, ki zuba wake, ki matse iska, ki murɗe bakin ta farko ki lanƙwasa ki ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun, kowanne da ɗaurinsa dabam. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskan da ya rage su mutu. Ba a sa magani ko kaɗan. Sharaɗinsa kada a riƙa buɗewa, kuma a tsare shi daga ɓera, don huda ɗaya ta ɓata aikin. Wadda ba ta samu buhun ba, bido mai murfi ya isa: ki wanke, ya bushe sarai, ki cika shi har baki kina girgizawa, ki sa leda ki murɗa murfin. Bidon da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Iyayenmu da toka ko rairayi mai laushi suke cakuɗa wake a tulu, dabarar ɗaya ce, toshe wa ƙwaro wurin motsi.

Duk wannan ba ya aiki in hatsin bai bushe ba. Ki ciza ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe. Ko ki samu kwalba busassa, ki zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza, ki bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a koma shanya. Gujiya da masara su suka fi haɗari: in suka yi fumfuna suna haifar da wata guba da ke lalata hanta, wuta ba ta kashe ta. Ƙwayar da ta canza launi ko ta yi ɗaci, zubarwa ake yi, ba a ba yara, ba a yin ƙuli da ita.

Ina roƙonku da girman Allah a kan ƙwayar nan da ake sayarwa a kasuwa ana jefawa cikin buhu, mai warin tafarnuwa. Hayaƙin da take fitarwa guba ce mai kisa. Aikin manyan ma'ajiya ne da waɗanda aka horar, ba ta ɗakin da ake kwana ba ce. Mu da buhu ke kwana kusa da shimfiɗar yara, ba ruwanmu da ita.

Hasara ta biyu ruwa ne ya yi mana. A ƙarshen Agusta na 2024 ruwa ya shiga ɗakin ajiyarmu har idon sawu. Buhun da ke ƙasa ya jiƙe, waɗanda muka ɗora bisa bulo da katako suka tsira. Tun daga nan doka ce: buhu ba ya taɓa ƙasa, ba ya jingina da bango, kuma ba a tara komai a ɗaki guda. Yanzu gida biyu muke ajiya, ɗaya a tudu.

Maganar magani

Wannan ta fi ta abinci tsanani, don hatsi yana da madadi, maganin hawan jini ba shi da shi. A 2023 farmasi da yawa sun rasa wasu magunguna. Surukata mai hawan jini sai da muka zagaya wuri biyar. In a gidanku akwai mai hawan jini, ko ciwon suga, ko farfaɗiya, ko sikila, ki roƙi likita ya rubuta na wata biyu in hali ya yi, kuma kada ki bari sai ƙwaya ta ƙarshe sannan ki nema. In saura na kwana goma, ki tashi. Ki ajiye tsohon kwalin don sunan. Ki koyi duba ranar lalacewa da ke jikinsa, wadda ba ta iya karatu ba ta kawo taro a duba mata, amfanin yaƙi da jahilcin da muka yi ke nan. Allurar masu ciwon suga ba ta son zafi, ki tambayi likita yadda za ki ajiye ta in babu kuran. Garin gishiri da sukari na gudawa, wato SRO, da ƙwayar zinc, da ƙwayar tsabtace ruwa, kowane gida mai yara ya kamata ya samu. Ban ce ki tara maganin zazzaɓi ko na tallar kan faranti ba. Zazzaɓi a kai yaro likita a auna shi.

Fetur kuma kada ki yarda a tara miki shi a ɗaki, ko maigida ne ya kawo. Gara icce da gawayi da kara a rufe su daga ruwa kafin damana. Mai butalin gaz in ta samu hali ta yi na biyu.

Wanda ke da makulli

Akwai abin da ba a so a faɗa a fili, ni zan faɗa. Wani lokaci ba ƙwaro ne ke cin tanadin mace ba. Ta sha wahala ta tara buhu biyu, ranar kasuwa maigida ya ce a ba shi ɗaya zai maido, ko ƙanensa zai yi aure, ko baƙi sun sauka. Ba ta iya cewa a'a. Ba duka maza ba, akwai waɗanda su ke ƙara mana, mijin ma'ajiyarmu shi ya ba mu katako kyauta. Amma mun ga abin sau da yawa, har muka gane cewa ajiyar ƙungiya ta fi ta ɗaki tsaro. In ya tambaya sai ta ce: "Maigida, ai ba hannuna yake ba, kwaɗo uku ne." Ba faɗa, ba ɓacin rai. Wasu mazan da suka yi gunaguni da kaka, su ne suka riƙa tura matansu da kwarya a watan Yuli.

Dokarmu ta fitarwa ita ce: ba a buɗe ɗaki sai taro ya yarda, ko dai watan Yuni ya kama, ko wani abu ya faru da ya toshe kasuwa. Ana sayar wa ƴar ƙungiya a kuɗin da aka sayo, a ɗora ɗan abin da zai biya buhu da dako. Ba mai ɗaukar fiye da tiya 10 a mako, don kada mai ƙarfi ta kwashe ta kai kasuwa. Wadda ba ta da kuɗi a rubuta mata bashi zuwa kaka. Abin da aka fara sawa shi ake fara fitarwa, muna rubuta wata da shekara a jikin kowane buhu da gawayi. In OPVN ta fito da hatsi mai rahusa, muna tura mata biyu su bi layi da sunan gidajensu, abin da ke ɗaki ya ƙara kwana.

Ƙungiyoyin karkara masu noma da yawa su tambayi tsarin warantaj, wanda hukumar FAO ta taimaka aka shigo da shi ƙasar nan wajen ƙarshen shekarun 1990. Maimakon ki sayar da amfaninki da kaka lokacin da ya fi arha, sai a sa shi a ma'ajiya mai kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na asusun ba da lamuni. A ba ki rancen wani kaso na kuɗinsa ki yi kiwo ko sana'a, bayan wata biyar ko shida ki biya ki ɗauki kayanki. Yana da kyau, amma bashi ne mai ruwa, a yi lissafi tukuna.

Kuma kada wata ta ɗauka farashi kullum hawa yake. Matar nan mai kaifin ciniki da ta so mu kwashe akwati, ta yi abinta ita kaɗai a kakar 2024: ta ci bashi ta sayi hatsi da yawa, tana jiran ya kai inda ya kai bara. To damanar ta yi albarka, gwamnati kuma a watan Oktoba na 2024 ta hana fitar da hatsi waje in ba Mali da Burkina ba. Hatsi ya zauna cikin ƙasa, bazara ta zo farashi bai tashi yadda ta zata ba, ga bashi na jiranta. Da ƙyar ta fitar da uwar kuɗinta. Mu ma namu bai yi riba ba a shekarar, sai dai mu ba riba muka je nema ba, mun ci abinmu. Ita ce yanzu ke riƙe da littafin ɗakin ajiya, kuma ba a taɓa samun tiya ɗaya ta ɓace a hannunta ba.

Bana zubin tanadi ya cika shekara biyu. Ranar Juma'a mai zuwa mu huɗu za mu tafi kasuwar ƙauye da amalanke, don can tiya ta fi ta birni cika. Mun riga mun sayi buhunan leda shida, mun hura su mun duba, ɗaya na da huda mun maida wa mai shi. Inna ta ce ita ma sai ta je, wai mu yaran yanzu ba mu iya cizon hatsi ba. Ƙungiyoyin Tawa da Damagaram da suka daɗe da bankin hatsi, ku aiko mana ta hannun masu haɗa wannan jarida yadda kuke yi da masu bashin da kaka ta zo ba su biya ba. Mu muna da uku, kuma ɗaya daga ciki ƙanwata ce.